Wata takwas da BatteryBar a ƙasan allona: abin da ta yi mini da abin da ta kasa

Daren da na yanke shawarar neman manhajar da za ta riƙa nuna mini batiri ƙuru-ƙuru, ina cikin bas ne a kan hanyar Hijira, muna komawa Madina daga umara. Mun bar Makka bayan isha'i, direba ya kashe fitilun ciki, kusan kowa ya bingire, ban da wani dattijo ɗan Fakistan da ke jan carbi a kujerar gabana. Ni barci bai kama ni ba, don washegari bayan azahar zan kai wa mushrif ɗina, wato malamin da ke duba bincikena, babi na uku na risalata, kundin digirina, ga hadisai bakwai da ban gama taharijinsu ba, wato gano littattafan da aka ruwaito su. Na ɗora kwamfutar a cinya, na buɗe Shamila, manhajar nan ta littattafan addini na Larabci, a rabin allo, Word a ɗaya rabin. Kafin in fara na leƙa ɗan hoton batirin nan da ke lungun dama na ƙasa. A idona ya kusa rabi. Na ce to alhamdu lillahi, wannan ya ishe ni awa guda da wani abu.

Ba mu yi minti 20 ba allon ya yi baƙi ƙirin. Ba gargaɗi, ba sallama, ɗif. Na danna maɓallin kunnawa har yatsana ya yi zafi. Dattijon nan ya waiwayo ya dube ni, ya ce «sabr, sabr», ya ci gaba da carbinsa. Sauran tafiyar, wajen awa uku, na yi ta ne ina kallon duhun sahara ta taga ina lissafin abin da ya tafi.

Da na isa gida na jona caja, Word ya dawo mini da mafi yawan rubutun, domin yana ajiye kwafin ko-ta-kwana duk bayan minti 10. Amma lambobin juzu'i da shafi da na yi ta tattarawa a Notepad, waɗanda ban adana ba, sun tafi kamar an yi ruwa an ɗauke. Ban kwanta ba sai bayan asuba.

Laifin nawa ne, gara in faɗa tun yanzu. Kwamfutar ta hannu ce, a Kano na saye ta kafin in taho karatu, kuma Allah kaɗai ya san shekara nawa wani ya yi yana morarta kafin ta iso hannuna. Sannan ni da kaina na saita sandar ƙasan allo ta riƙa ɓuya don in samu fili, saboda haka ko ɗan hoton batirin ma ba na ganinsa sai na kai kibiyar linzami ƙasa. Shi kuma hoton a Windows 10 ƙarami ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba ya rubuta lamba sai ka ɗora kibiya a kansa ka ɗan jira. Wanda ya nutse cikin rubutu ba ya tuna yin haka.

Akwai wani shagon gyaran kwamfuta da ɗalibai 'yan ƙasarmu suka saba zuwa, mai shi Bahaushe ne haifaffen Makka, kakanninsa da ƙafa suka zo ta Sudan. Baba muke ce masa. Hausarsa rabi Larabci ce, amma in ya so yi maka faɗa da Hausa tsantsa yake yi. Na ba shi labari, bai ko buɗe bayan kwamfutar ba. Ya buɗe baƙin allon nan na Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport, ya danna, sai ga wani shafi ya fito da tarihin batirin. Ya juyo da allon gabana.

«Shuf, ya Ustaz. Karanta mini wannan layin.»

Na karanta: Design capacity, 44,400.

«Na ƙasansa fa?»

Full charge capacity, 17,900.

«To ka gani. Da aka ƙera ta, wancan take ɗauka. Yau in ta cika maƙil wannan take ɗauka. Battariyar nan khalas, ɗana, ta yi maka iya yinta.»

Na ce Baba, kuɗin sabo sai an biya mu alawus ɗin wata mai zuwa. Ya yi dariya ya ce ai ya san halin ɗalibai. Nan take ya saukar mini da BatteryBar, ta kyauta, ya danna dama a kan sandar ƙasa, ya shiga Toolbars ya sa mata alama, ya kuma kashe wannan saitin ɓuyan da na yi, yana cewa wanda ke tuƙi ba ya rufe agogon mai da tsumma. Bai karɓi ko riyal ɗaya ba. Shayi ma shi ya saya.

Ga yadda abar take. Wata 'yar doguwar sanda ce mai siffar batiri a kwance, tana zaune kusa da agogo, faɗinta kamar yatsu biyu. A cikinta akwai rubutu da ake iya karantawa ba tare da an matso da fuska ba. In ka danna ta sau ɗaya ta nuna maka kashi nawa ya rage cikin 100, in ka sake dannawa ta nuna awa da mintin da take hasashen sun rage. Launinta yana sauyawa: kore in da sauran wuta sosai, rawaya in an fara yin ƙasa, ja in abu ya zo wuya, shuɗi in tana shan caji. Wannan launin ya fi mini lambar amfani a kwanakin farko, domin ko kana tsakiyar jumla gefen idonka yana kama shi. Shuɗin ma ya taɓa cetona: akwai wani soket a ɗakinmu da ke da sako-sako, sau biyu ina zaton ina caji ashe filogin ya ɗan zame, ganin sandar ba ta koma shuɗiya ba ne ya sa na duƙa na gyara.

In ka ɗora kibiya a kanta kuma sai wani ɗan akwati ya fito da bayanai: yawan abin da batirin ke riƙewa, yawan lalacewarsa, da saurin da wuta ke zuba a daidai wannan lokacin. Nawa ya rubuta lalacewa kusan kashi 60. A nan na fahimci abin da shekara da shekaru ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Kashi 100 da kwamfuta ke nuna maka ba kashi 100 na ranar da aka ƙera batirin ba ne, na abin da yake iya ɗauka yau ne. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar ƙauye ya san mudun da aka buga wa gindi. Mai hatsi zai cika maka shi har ya yi tozo, ka ga mudu cike da idonka, sai ka je gida ka juye ka ga bai kai ba. Batirina mudu ne da gindinsa ya shige fiye da rabi, ni kuma kullum ina ganin an rubuta ya cika ina murna.

Layin saurin zubar wutar nan shi na fi yi wa wasa, har matata ta fara tsokanata wai na samu sabon talabijin. Ina rubutu a Word da Shamila kawai, hasken allo a ƙasa, yakan tsaya wajen miliwat 8,000 zuwa 9,000. In na ɗaga haske har ƙarshe sai ya haura 11,000. In na buɗe Chrome na sa karatun wani malami a YouTube, sai ka ga ya doshi 16,000. Lissafin ba ya buƙatar malamin lissafi: ka raba abin da batirin ke riƙewa da abin da ke zuba, ka samu awanninka. Wato da 17,900 ɗina, rubutu zalla zai ba ni kamar awa biyu, bidiyo kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Tun daga nan in zan yi aiki nesa da soket nakan kashe waya-fai, in rage haske, in rufe duk abin da ba na buƙata, kuma ina ganin lambar tana sauka nan take. Da can ina jin ana cewa haske yana cin batiri, na ɗauka irin maganar nan ce ta masu gyara. Gani ya kori ji.

Hasashen lokacinta ma ya fi kwanciyar hankali. Tana riƙe tarihin yadda batirinka ya saba ƙarewa, tana gina hasashen a kansa, shi ya sa ba ta tsalle daga awa uku zuwa minti 50 don kawai ka buɗe wani babban fayil. A kwana biyun farko ba ta san ni ba, tana ta kame-kame. Bayan an yi caji an sauke kamar sau biyar ko shida sai ta daidaita.

Yanzu ga inda ta kasa, kuma wannan ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani maimakon in ce wa abokai su sauke kawai.

Mako guda bayan an saka mini ita, ina zaune a tsakar ɗaki, sandar tana nuna kashi 29, rawaya, wai saura minti 31. Na miƙe in ɗauko caja a jaka, kafin in juyo kwamfuta ta mutu. Na koma wa Baba da fushina. Ya ce in zauna. Bayanin da ya yi mini shi ne, babu wata manhaja a duniya da ke leƙa cikin batiri yadda ake leƙa randa a ga inda ruwa ya tsaya. A jikin batirin akwai wata 'yar na'ura da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, tana yin lissafi, ita ke gaya wa kwamfuta, kwamfuta ta gaya wa duk manhajar da ta tambaya. In batiri ya tsufa lissafin yakan kauce. Bugu da ƙari, batirin ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne da yawa aka haɗa, in ɗaya ta fi sauran rauni ita ke fara durƙushewa, sai na'urar tsaro ta yanke wutar gaba ɗaya ko da sauran suna da abin bayarwa.

Da yake hadisi nake karanta, sai abin ya zauna mini ta hanyar da na saba. Manhajar mai ruwaya ce amintacciya, ba ta ƙari ba ta ragi. Malamin da take ɗaukowa daga wurinsa ne ya rikice a ƙarshen rayuwarsa. Na faɗa wa Baba haka, ya yi dariya har da buga tebur, ya ce to sai a duba abin da aka ɗauka kafin rikicewar da bayanta.

Dabara biyu ya ba ni. Ta farko, in cika batirin maƙil, in bar shi a jone na ɗan lokaci, sannan in cire in yi ta aiki har ya mutu da kansa, in sake cika shi a zama ɗaya ba tare da katsewa ba. Wannan yana sa 'yar na'urar ta sake gane inda sama take da inda ƙasa take. Ya ce kada in mai da shi al'ada, domin batirin litiyam ba ya son a riƙa tatse shi har ƙarshe, sau ɗaya a 'yan watanni ya isa. Na yi, ramin da kwamfutar ke faɗawa ta mutu ya matsa daga wajen 29 zuwa wajen 18. Bai tafi ba, amma ya matsa.

Ta biyu ita ce wadda nake ganin kowa ya kamata ya sani ko da bai saka wata manhaja ba. A Windows, cikin Control Panel, Power Options, in ka bi har Change advanced power settings, akwai sashen Battery. A nan aka rubuta a kashi nawa za a yi maka gargaɗi, a kashi nawa kwamfuta za ta adana komai ta kwanta da kanta. Yadda yake zuwa, gargaɗin farko a kashi 10 ne, kwanciyar a kashi 5. Batirin da ke faɗuwa a 29 ko 18 ba zai taɓa isa 10 ba balle a yi maka gargaɗi, shi ya sa a bas ɗin nan ban ji ko ƙyas ba. Muka ɗaga gargaɗin zuwa 35, kwanciyar zuwa 25, na iya zaman tsohon batirin. Na yi asarar wasu mintoci na aiki a kowane caji, amma daga ranar ban sake rasa ko harafi ba. Ita BatteryBar tana da nau'in kuɗi, Pro, mai ba ka damar tsara gargaɗi yadda kake so da sauya kamanninta. Ban saya ba, domin abin da nake buƙata na same shi a nan kyauta.

Sauran abin da zan ce a kanta ƙanana ne. Kamanninta na da ne, mai ƙyalli irin na zamanin Windows Vista, kamar an ɗauko agogon bangon gidan kaka an rataya a sabon ofis. Tana cin fili a sandar ƙasa, a ƙaramin allo irin nawa sai da na cire akwatin bincike kafin komai ya zauna. In ka cika allo da bidiyo ko kana gabatar da darasi, sandar ƙasa takan ɓace, ita ma ta bi ta. Kalmomin cikin akwatinta kuma sai wanda ya ɗan san Turancin lantarki. Wani abokina ɗan Nijar da Faransanci ya yi boko sai da na zauna na fassara masa layi-layi.

Babban abin lura shi ne nau'in Windows ɗinka. Windows 11, da ya fito a Oktoban 2021, ya zo da sabuwar sandar ƙasa wadda ba ta karɓar irin waɗannan ƙananan sanduna na Toolbars, saboda haka hanyar da Baba ya bi a tawa ba za ta yiwu a can ba. Sai dai masu shi sun samu sauƙi ta wata ƙofar: a 2025 Microsoft ta fara fitar da sabon hoton batiri mai launi, da maɓallin da ke sa lamba ta fito kusa da shi, a Settings, System, Power & battery. Maƙwabcina ɗan Gombe da ya sayi sabuwar kwamfuta a kantin Jarir na kunna masa cikin daƙiƙa goma. Masu Mac suna da Show Percentage a saitinsu, masu Ubuntu ma akwai maɓallin a sashen Power. Duk wanda ke cikin waɗannan, ya fara duba abin da ke gidansa kafin ya sauke komai. Abin dariya, ko waya ta sha wannan tafiya: iPhone X ya zo a 2017 ba lamba a saman allo, sai a iOS 16, a 2022, aka dawo da ita cikin hoton batirin. Mu da tsofaffin kwamfutocinmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, muna nan a 10, duk da cewa tallafinsa na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoban 2025. Wannan wata damuwar ce daban.

Amfaninta mafi girma ya zo ne ranar sayen sabon batiri, inda ban zata ba. Da kuɗi suka shigo sai rowa ta kama ni. Baba ya ce nasa riyal 170. Na ga wani a intanet riyal 90, hoto iri ɗaya, an rubuta 44,400 a jikinsa ɓaro-ɓaro. Na yi oda a ɓoye. Ya iso, na saka, ya cika, sanda ta nuna 100, na ji daɗi. Bayan caji huɗu na ɗora kibiya, sai ga abin da yake ɗauka ya tsaya a 31,000 da 'yan kai. Sabo fil, ko mako bai yi ba, amma kusan kashi 30 babu. Ba don wannan ɗan akwatin ba da sai in yi wata shida ina cewa ai ya fi tsohon, kuma gaskiya ne ya fi shi, ba zan taɓa sanin an yi mini awo da bugaggen mudu ba. Na ɗauki hoton allon da rahoton powercfg na tura wa mai kayan, aka yi 'yar ja-in-ja, ya karɓi abinsa ya dawo mini da kuɗina.

Na koma shagon Baba ina sunkuyar da kai. Bai ce komai ba sai «araha ba ta ado, ya Ustaz», ya ɗauko nasa ya saka. A gabansa muka duba, bayan kwana goma na sake dubawa: 42,600. Yanzu rubutu zalla yana kai ni awa huɗu da rabi. Tsohon kuma ya karɓe shi ya jefa a kwalin da yake tara matattu, ya ce kada in kuskura in sa a shara, kuma duk ranar da na ga wurin linzamin kwamfuta ya fara tasowa kamar burodi, batiri ne ya kumbura, in kashe in kawo masa a ranar.

Ya ƙara mini da gargaɗin zafi, wanda a garin nan ba wasa ba ne. Madina da rani tana wuce digiri 45, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Zafi da zama a cike maƙil kullum su ne manyan abokan gabar batirin litiyam, shi ya sa wasu kamfanoni, irin su Lenovo da ASUS, suke da saitin tsayar da caji kafin ya cika. Tawa ba ta da shi, saboda haka in ina gida nakan cire caja in na ga ta haura 80, in mayar in ta kusa 40, abin da ba zai yiwu ba in ba lambar tana gabana kullum ba. Ranar tafiya kawai nake cika ta. Cikin wata biyar ƙarin lalacewar da sandar ke nunawa bai kai kashi 3 ba.

'Yata mai shekara huɗu ta riga ta haddace launukan. Jiya ina kan sallaya bayan la'asar, na bar babi na biyar a buɗe a kan tebur, sai na ji ta ruga kicin tana cewa, «Umma, Umma, na Abba ya zama ja!» Kafin in shafa addu'a uwar ta riga ta jona cajar. Da na duba, 14 ne, kuma da gaske 14 ɗin ne.